Sirrin cikina a wayar shef

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, ka rufa mini asiri ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata tafasa take yi.

Ina aiki da wata ƙungiya nan Dakoro, mu ne masu shiga ƙauyuka kan moto, wato babur, muna wayar da kan mata, yau Kornaka gobe Korahane, kun dai san rairayin hanyoyin nan. Sau biyu ina yin ɓari, to da Allah ya sake ba ni ciki sai ni da maigidana muka ce ba mai ji sai ya yi ƙwari, ko innata ban gaya wa ba. Likita ya hana ni hawan moto. Ga shi saura wata ɗaya a sabunta kwantiraginmu, ban so shef, wato shugabanmu na aiki, ya sani kafin a sa hannu.

Akwai wadda muke biro ɗaya, wato ofis ɗaya, ku ce da ita Rabi, Yaya nake kiranta, ƙwarya ɗaya muke shan fura. Ita na yi wa vokal, saƙon murya, a WhatsApp ina kuka, na faɗa mata komai har ɓarin, na roƙe ta ta riƙa karɓar mini fita ƙauye ni in yi mata aikin takardu. Ta ce ba komai ƙanwata, rijiya kika jefa maganarki.

Ranar sa hannu shef ya ce, Madam, mun ji kina bukatar hutu, a bar maganarki tukuna. Na ce wa ya faɗa? Sai ya danna wayarsa. Wallahi muryata ce, da shessheƙata da komai, gaban mutum uku! Ashe har shofer, direban ƙungiyarmu, ya saurara, matarsa kuma ta tare innata a gidan suna tana yi mata barka. Inna ta ce ashe 'yan biro sun fi ta matsayi a wurina, wannan ta fi komai yi mini ciwo.

Da na tunkari Rabi ko kunya babu, wai taimakona ta yi don a sauke ni daga moto, wai ba ta san zai yaɗu ba. To in taimako ne me ya hana ta tambaye ni? Nata kwantiragin an sa hannu, nawa yana cikin durowa.

Abin da ba ta tuna ba, ni ma ina da vokal ɗinta har biyar, tana zagin shef ta uwa ta uba. Maigidana ya ce in goge in bar ta da Allah. Na ce to, amma ban goge ba. Jiya sau uku ina zaɓarsu ina fasawa.

'Yan uwa, in tura ko in goge? Gobe Litinin, kuma kujerata tana kallon tata.