Na Sauya Kaset, Na Karya Ya Modu

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na iya rubuto wannan. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yanke mini hukunci sai an ji ƙarshe.

Ina da ɗan shagon wasan gem a unguwar Dala, nan gefen Yerwa, talabijin ɗaya da benci biyu. Wasan faɗa muke yi, kowa ya zaɓi ɗan dambensa a cikin kaset, wanda ya ci ya zauna, wanda aka kayar ya tashi. Akwai maƙwabcina, zan kira shi Ya Modu. Injin markaɗe ya cinye masa yatsu biyu na dama, tun daga nan ba ya shiga mutane sai shagona. Wani ƙaton ɗan dambe yake ɗauka, mai cafke mutum ya maka da ƙasa, don shi maɓalli biyu sun ishe shi. In ya zauna ba mai tayar da shi. Yana dariya yana cewa, "Ku masu yatsu goma, ina amfaninsu?" Sai saura suka fara ƙorafi, wai ba iyawa ba ce, ƙaton ne aka yi shi fin ƙarfi. Wasu suka koma cikin garin Yerwa wasa.

Ɗan Ibon da nake sayen kaya wurinsa ya ce sabon kaset ya fito, masu yin sa sun daidaita 'yan damben, ƙaton ma an rage masa sauri da nisan hannu. Na ba shi tsohon, na karɓo sabon. Da na dawo na ce wuta ce ta ƙona wancan. Har rantsuwa na yi, Allah Ya yafe mini.

To ina adalcin da na nema? Yanzu wata siririya mai dogon shuri ce ke cin kowa, kowa ita yake zaɓa, faɗan ya koma na wa zai riga ɗaukarta. Ita kuwa sai da yatsu cikakku. Ya Modu ya kai hannu zai cafka, ƙaton ya kama iska. Wanda bai taɓa cin sa ba ya ce, "Ya Modu, yau kuma ina bakin?" Ya tashi ya fita. Na bi shi waje, ya ce, "Riga kawai suka canza wa ƙaton, ƙanena. Hannuna ne ke mutuwa, dama likita ya ce jijiyar za ta iya saki." Wallahi haka na bar shi ya tafi.

Ya daina zuwa. Matarsa ta ce wa tawa kullum yana zaune yana murza hannun da man zafi, har ya fara fasa karɓar aiki don ba ya yarda da shi. Na koma kasuwa neman tsohon kaset, ɗan Ibon ya ce kaset ɗin ya tafi Kudu tuni, ba a kawo irinsa kuma.

In na faɗa masa gaskiya, zai san wanda ya fi yarda da shi ne ya tayar da shi daga bencin. In na yi shiru, yana can yana jinyar ciwon da ba shi da shi. Ko Sallah na tayar, fuskarsa nake gani.

Jama'a, ko akwai mai tsohon kaset ɗin, wanda ƙaton ke sanye da jan wando, a Kano ko Jos ko ko'ina? Malamai kuma, mene ne kaffarar wannan rantsuwa? Me zan yi?