Hasken da Ya Shiga Idon Auta

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman jirgin ruwa da wannan gwiwa taka? Waya ba ta samun ka a teku, shi ya sa na ɗauki biro. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Auta ta ji ciwo a ido, a wurin aikinta. Ka tuna da ta ce tana bincike a kan sinadarai masu ƙamshi, na bi dangi ina cika baki za mu samu mai haɗa turare a gida? Ashe suna ne kawai. Na je ɗauko jakarta, na shiga ɗakin binciken, ba taga, ba ƙamshin komai, sai wayoyi da wata tukunyar ƙarfe mai bakuna da yawa.

Yanzu da take kwance ta yi mini bayani. Wai ƙwayoyin sinadarin ƙanana ne ƙwarai, siffarsu kamar zobe. Takan zuƙe iskar tukunyar, ta saki tururinsu a ciki, ta harba musu wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin rana yana ƙona fata. Zoben ya haɗiye hasken, ya yi ta girgiza har ya tsinke, ita kuma ta auna gutsattsarin. Ranar da abin ya faru, hasken ya bugi wani ƙarfe ya dawo, ya shiga ta gefen tabaraunta. Ba ta ji komai ba. Har abinci ta ci tana tsokanar abokan aikinta. Sai da ta iso gida idon ya kama zafi kamar an zuba barkono.

Da wuƙa ce ko wuta, da na san abin da zan tsine wa. Wannan ko ganin sa ban taɓa yi ba. An naɗe mata idanu biyu, ni ke kai ta banɗaki, ita ke ce mini in daina kuka. Ka sa ta a addu'a.

Taka,
Uwar Auta

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, wasiƙarka ta iso, na karanta mata. Ka ce in hana ta komawa ɗakin nan. Kai ma ka san 'yarka, taurin kan ba daga wajena ta ɗauko ba.

An kwance bandejin. Na dama ya warke, alhamdu lillahi. Na hagu ya yi tabo, ta ce tana gani na kamar ta cikin ruwan sabulu. Likita ya ce wataƙila ya washe, wataƙila a'a. Na tambaye shi ko za a iya cire nawa a sa mata, ya yi murmushi ya dafa takardunsa. Ya hana ta kallon kwamfuta tukuna, ni kuwa har a raina na ji daɗi.

Jiya abokiyar aikinta ta zo duba ta, ta bar mata kwamfuta da sakamakon gwajin ranar da abin ya faru. Na ɗauke na ɗora a kan firij. Auta ba ta yi gardama ba, ta juya wa bango fuska, ta ƙi abinci. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira yayanta ya yi mata magana, duk a banza. Da la'asar na sauko da kwamfutar da hannuna.

Ta ce tun da an hana ta kallo, in karanta mata. Na sa tabarauna na zauna bakin gado ina kiran lambobi kamar 'yar aji ɗaya, tana gyara mini. Da na kai wani layi ta ce in maimaita. Na maimaita. Maigida, sai yarinyar nan ta tashi zaune tana dariya, hawaye na zuba daga idon mai ciwon. Wai abin da ta daɗe tana zato ne ya fito: zoben ba ya tsinkewa nan take, sai ya fara buɗewa. Ta cinye abincin tas, ta ce dole a sake gwajin don a tabbatar, kuma ita za ta sake shi.

Rabon da in ji dariyarta tun kafin ciwon. Kada ka ƙara ce mini in hana ta, ba zan iya ba. Ido ɗaya ya rage mata mai kyau, kuma da bakina na karanta mata abin da zai mayar da ita ɗakin.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Uwar Auta