Kujerar Tsakiyar Matakala

Litinin, 3 ga Maris

Rubuta, Auta. Ke ƙanwata kika yi boko, ni baki kawai gare ni. Rubuta cewa ɗan da na haifa, Injiniya, ya ba ni wata guda. Wai muddin ba na iya hawa benen nan sai na zauna a kujerar da na ajiye a tsakiyar matakala, ƙarshen wata zai kwashe ni zuwa gidansa. Ɗakin da na shekara arba'in da ɗaya a ciki, inda ubansa ya cika. Wai likita ta ce hawan jini da gwiwa, maganinsu motsa jiki. Shi ne ya je ya sa sunana a ajin rawa. Rawa! Da furfurata.

Laraba, 5 ga Maris

Na je. Ɗaki ne duk madubi, ko'ina na juya wata tsohuwa na hararata. Mata sun kai sha biyar, ga warin zufa da roba. Malamar siririya kamar tsinken tsintsiya, da usur a wuya. “Mama, ɗaga hannu! Mama, murmushi!” Na ce ban haife ki ba, kuma ban ga abin dariya ba.

Takalmin da Injiniya ya sayo fari fat, kamar na 'yan firamare.

Juma'a, 7 ga Maris

Ban je ba. Ki rubuta gwiwa, kar ki rubuta barci.

Litinin, 10 ga Maris

Mai Usur ta ce dama, kowa ya yi dama, ni na yi hagu. Sai ga ni a ƙirjin wata ƙatuwa mai jan ɗankwali. Wai “Iya, ko a titi ana duba hanya.” Na ce a titi ba a barin tirela a tsakiya. Aka yi ta dariya, har da ita, marar zuciya.

Da na dawo na daɗe a kujerar. Matakala sha ɗaya a ƙasa, sha ɗaya a sama, ni a tsakiya kamar kayan da aka manta.

Laraba, 12 ga Maris

Yau sun saki wani kiɗa mai dukan ƙirji. Na rufe ido don kar in ga madubi, sai na ji kamar na san shi. Auta, keken ɗinkina ne! Diddige, yatsu, diddige, yatsu. Shekara talatin ina taka shi, rabin yaran layinmu ni na ɗinka musu kayan makaranta. Marigayi yakan ce ko barci nake ƙafata ba ta tashi daga aiki, har zane ya taɓa sa mini a ƙarƙashinta wai kar a yi asara.

Ƙafar ce ta tafi da kanta, ban aike ta ba. Mai Usur ta tsayar da kowa, “Ku kalli Mama!” Na ce ɗinki nake, ba rawa ba. Ki ja layi a ƙarƙashin wannan.

Juma'a, 21 ga Maris

Wai zuciya ma nama ce, rawa na ƙara mata ƙarfi. In ji Mai Usur. Na ce tawa ta binne miji da 'ya'ya biyu, ba ke za ki koya mata ƙarfi ba. Da aka tashi ta miƙo mini ruwa. Na sha don ƙishi.

An gwada jinina, wai ya sauka. Injin ne ya lalace.

Laraba, 26 ga Maris

Tirela ba ta zo ba. Ba cigiyarta na yi ba, tambaya kawai na yi don wurin ya yi faɗi da yawa. Wai mura.

Lahadi, 30 ga Maris

Injiniya ya zo da kwalaye shida na kwashe kayana. Na tare shi a ƙasa, na ce biyo ni.

A raina nake takawa: diddige, yatsu. Na zo kan kujerar, gwiwa na ci kamar an zuba garwashi, ban ko kalle ta ba. Ashirin da biyu. Na dafa ƙofata, na waiwayo. Ina Injiniya? Yana kan kujerata, kwalaye a cinya, tumbi na sama da ƙasa.

“Umma… yaushe…”

Na ce huta, ɗana, kar ka yi magana da haki. Kwalayen ka mayar inda ka samo su. Kujerar kuwa a bar ta nan, akwai mai bukata.

Rawar nan dai shirme ce, ban sauya magana ba. Matakala na hau, kuma ƙafar tela ce ta hau da ni.

Miƙo mini sabulu, farin takalmin nan ya yi datti. Eh, na san gobe Litinin. Datti ne ba na so. Me kike wa dariya? Rufe littafin.