Kaset ɗin Waƙar Mamuda

Kazaure, 3 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yaya Haladu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Tasalla da yara.

Albishirinka! Ka tuna ranar sunan ɗiyata, da ka ɗauki kalangu ka yi mana waƙar Mamuda ɗan damben Gwiwa, yadda aka kayar da shi a Babura ya tashi yana tambayar ina gabas? Ashe ba ka lura ba, na kunna sabuwar rakodata na ɗauka. Bartholomew mai gyaran rediyo ya ji, ya yi dariya har da hawaye, ya kwafa wa direbobi. Yanzu duk motar da za ta Babura muryarka ce a ciki. Yaya, ka yi suna!

Ƙaninka,
Daudu

Roni, 9 ga Maris

Daudu,

Bayan gaisuwa. Malam Sama'ilu na makarantar firamare ne ke rubuta mini, na ce kada ya sassauta ko kalma ɗaya.

Wa ya sa ka? Mu biyar ne a zauren nan. Na yi wasa, muka yi dariya, na ɗauka maganar ta mutu a wurin. Shekara tara ina yi wa Mamuda kiɗa, in ya faɗi ni ke kakkaɓe masa ƙasa. Yanzu yara na bin sa da waƙar har bakin masallaci. Na je Gwiwa in ba shi haƙuri, ya ƙi fitowa.

Ka bi direbobin nan ka karɓo abin nan duka ka ƙone.

Yayanka,
Haladu

Roni, 20 ga Maris

Zuwa ga Daudu,

Ina gaishe ka da iyali. Ni ce Tasalla.

Ranar kasuwa wani mai sayar da batir ya ƙure waƙar a rumfarsa, ga Mamuda tsaye yana cinikin akuya. Mutane suka fashe da dariya. Ya ɗaga rakodar ya maka wa mutumin a ka, jini ya wanke masa fuska. Daga nan ya nufi rumfar mahauta inda yayanka ke kiɗa. Ya shaƙe shi, ya danne hannunsa na dama a kan kututturen sara nama, ya ɗauki gatari ya juya bayansa, ya buga masa a yatsu. Sau uku. Maza shida suka kasa janye shi.

Mai ɗori ya ce yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Yayanka ya hana a kai ƙara. Ya ce in gaya maka kada ka zo, kuma kada ka je Gwiwa. Don Allah ka ji.

Ka huta lafiya,
Tasalla

Kazaure, 28 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka. Daga ofishin 'yan sanda nake rubuto wannan.

Ban ji maganarka ba. Na je Gwiwa da adda a cikin riga. Na tarar da Mamuda zaune a ƙofar gida da hantsi, shi kaɗai. Ya dube ni ya ce, "Kai ne mai akwatin?" Na ce ni ne. Ya ce, "Matata ta tafi gidansu saboda akwatinka."

Na sare shi a kafaɗa, na ƙara a wuya. Yaya, mutumin da maza shida suka kasa riƙewa, ko hannu bai ɗaga ba. Da ya tashi ya buge ni da na fi samun sauƙi.

Ni na jawo komai. Ka duba mini matata Mairo da jaririyar. Ka yafe mini.

Daudu

Roni, 2 ga Afrilu

Daudu,

Mamuda ya rasu shekaranjiya a asibiti. Na je jana'iza, ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya amsa gaisuwata.

A hanyar dawowa direba ya saka kaset ɗin. Na ce ya kashe. Bai san ni ba. Ya ce, "Baba, yi haƙuri, fasinja na so."

Mairo da ɗiyar suna wurinmu. Zan zo ranar shari'a.

Allah Ya ji ƙansa. Kai kuma Allah Ya sassauta maka.

Haladu