Lambar Dogo a Cikin Auta

Litinin, 3 ga Maris
Sabobinmu, injinan da ke ɗauke da shafinmu na intanet, uku ne, abokin aikina Dogo ya raɗa musu suna: Babba, Tsakiya, Auta. Ba a kashe su don sauya saiti, jama'a na kai suna aiki. Ɗaya bayan ɗaya ake bi, Dogo ya karanta matakan da ƙarfi, ni in danna. Tun da ya rasu ni ke karantawa, ni ke dannawa. Yau har na ce "ka gani?" Kujerarsa ce kawai a wurin.

Laraba, 5 ga Maris
Na sauya wa Babba da Tsakiya. Auta na bar ta da tsohon saiti. Lambar wayar Dogo na ciki, nan take tura saƙo in ta ga abin da bai yi mata ba. Sabon saitin zai share lambar. Hannuna ya ƙi.

Alhamis, 13 ga Maris
Ƙorafi ya fara. Wanda ya faɗa kan Auta sai shafi ya kore shi, tunda ba ta jituwa da 'yan uwanta. Manaja ya leƙo: "Ka daidaita su kafin Talata, ko in nemo mai iyawa." Na ce to. Na ce wa kaina, kai ma dai, sai ka ce yaro.

Juma'a, 14 ga Maris
Ban yi magana da kowa ba sai mai gadi.

Asabar, 15 ga Maris
Matar Dogo ta kira. Ashe wayar na hannunta, ba ta kashe layin ba. "Yaya, injinku ne ke ta turo masa saƙo? Duk ƙarar da ta yi sai gabana ya faɗi, in ce ko shi ne." Ni ina nan ina riƙon aboki, ita tana can tana sabon kuka kullum. Kunya ta kama ni.

Talata, 18 ga Maris
Na roƙi wata sabuwar ma'aikaciyarmu ta zo ta karanta mini. Ta tsaya tana neman wurin zama, na jawo mata kujerar Dogo. Sauri take yi, tana cinye kalmomi, shi ba haka yake yi ba. Na danna. Auta ta bi sahu, ba wanda shafi ya sake kora.

Ta ce, "Wace lamba za a sa yanzu?"

Na ce ta sa tata. Tawa ma, a ƙasa.