'Yan Ɗorawarka Suna Wurina a Bobigny

Zuwa ga taubashina Issufu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ba zan tambaye ka gajiya ba, kai kam taka ta ƙare. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, dariyar ajamina za ka tsaya yi. Amma ba ni da wanda zan kai wa ƙara sai kai.

'Ya'yanka sun so su kashe maka tsuntsaye.

Ba da mugunta ba, kada ranka ya ɓaci. Ranar sadakar arba'in ɗinka na hau jirgin ƙasa na zo Lyon. Bayan addu'a, ɗanka Laminu ya ce mu je garkarka ta Vaulx-en-Velin a gefen gari, zai buɗe ɗakin tsuntsayen ya sake su, ladan ya kai gare ka. Haka ake yi a gida, in ji shi, yaron da sau biyu ya taɓa taka Damagaram. 'Yarka Rakiya tana kuka tana cewa ta yi mafarkinka a bayan raga. Jama'a duk suka ce madalla.

Ni kuwa na je na zauna a bakin ƙofar, na miƙe ƙafata mai ciwo. Na ce wanda zai buɗe sai ya tsallake ni. Kurciyar da ake saya a kasuwa a saka, a daji aka kamo ta, ta san hanyar gida. Waɗannan fa? Kakanninsu ma a keji aka ƙyanƙyashe su, da zobe a ƙafa. Ba su san shaho ba, ba su san kyanwa ba, ruwa ma a kwano suka san shi. Kuma ana tsakiyar sanyi. Wane lada ne a ciki? Laminu ya ce da ni Baba Habu, da ladabinsa, amma na ga ya ja ƙanwarsa gefe suna Faransanci da sauri don kada in ji. Na ji. Tsoho mai taurin kai, suka ce. Ai ba ƙarya suka yi ba.

Ka tuna farkonmu? Shekarar da aka canza kuɗi zuwa ero, da muka aje aikin gini, muka samu 'yar garkar nan ta bayan gidajen Bobigny a gefen Paris. Yakuwa muka je shukawa. Sai maƙwabcinmu Bature, Mushe Rene, tsohon nan mai hular ulu, ya nuna mana tsuntsayensa. Buruwan suke ce musu. Kai ka dubi kan namijin, rawaya sosai, ka ce wannan ai garin ɗorawa ya faɗa ciki. Daga nan suka zama 'yan ɗorawa. Da zai koma ƙauyensu ya bar mana mace da namiji da takardunsu.

Mu biyu muka kafa ɗakin, ni katako kai raga, muna faɗa a kan kowace ƙusa. Ka nace sai an dasa 'yan itatuwa masu duhu a ƙasa, don ba sa sheƙa a sama. Ka yi gaskiya, yau na faɗa, ka ji daɗi. Ranar da muka ga ƙwai na farko, da zane-zanen baƙi a jikinsu kamar an ja alƙalami, ka ce ashe akwai mai rubutu irin nawa a duniya. Da 'ya'yan suka fito, hatsi bai yi musu ba sai ƙwari. Mu ne dattawa biyu da farin gemu muna rarrafe cikin ciyawa muna kamun fara, Turawa na leƙenmu ta shinge. In rana ta yi ɗumi mu shimfiɗa tabarma, shayi na kan wuta, namijin ya hau reshe ya jero kukansa da sauri ya ja na ƙarshe. Kai ka rufe ido ka ce kamar kana gonar Mirya. Ban taɓa jin tsuntsu mai irin kukan nan a Mirya ba, amma na bar ka.

Sannan ka tafi Lyon wurin Rakiya. Ba ka shawarce ni ba, sai da ka ɗaure kaya. Ka raba tsuntsayenmu biyu, ka kuma ɗauki namijin da ya fi murya. Har yau ban huce ba, Issufu. Kana kirana a talho ka kara mini shi in ji kukansa, ni kuma in ce layi ba kyau. Layi lafiyarsa lau. Kewa ce take damuna, kuma ba zan faɗe ta a kunnenka ba.

To, da yaran suka ga ba zan tashi daga ƙofar ba, suka bar mini tsuntsayen, na kwaso su duka cikin kwali mai huji, a kan cinyata har Paris. Ka san maza biyu ba sa zama ɗaki ɗaya in itatuwa sun fara toho, sai su kashe juna. Ga nawa namijin yana nan, sai na raba ɗakinmu na Bobigny da katako, ni kaɗai, ba mai riƙe mini tsani. Ya karkace. Da kana nan da na sha magana.

Ɗaya ta mutu a makon farko, tsohuwar macen nan mai ɗingishi. Sauran sun yi shiru har na fara tunanin ko yaran ne da gaskiya, ko ni na wahalar da su a banza. Kullum in zo da tsutsa in zauna, su dube ni in dube su.

Jiya da hantsi na ga ƙaramar macen da busasshiyar ciyawa a baki, ta shige ƙarƙashin itace. Namijinka yana sama yana ta kuka har maƙogwaronsa na rawa. Na rasa wanda zan taɓa in ce duba.

'Ya'yanka ba su kira ni ba tun ranar. Ni ma ba zan kira ba, ni ne babba. Amma in Rakiya ta kira, zan ce ta zo da jikokinka su ga ƙwan.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Ka ajiye mini wuri kusa da kai, faɗanmu bai ƙare ba.

Naka har gobe,
Habu ɗan Mirya