Turmin da Ke Daka da Kansa

Zuwa ga jikata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zaman Fatakwal? Mu nan Daura alhamdu lillahi, sai ciwon gwiwa da shirun gida.

Babinki na labarin da muke rubutawa, na turmi mai daka da kansa, ya iso. Inda kika sa taɓarya ta yi ɗumi alhali ba wanda ya taɓa ta, kin burge ni. Amma amarya, kin yi gaggawa. Me ya kai ki fito da aljani mai jajayen idanu tun yanzu? Abin da ido ya gani ai tsoronsa ya ragu.

Kuma kin bar turmin ya kwana a tsaye. Kin manta gidanmu ne? Kakarki ba ta gama daka ba ta kife nata ba. Ki sa matar gidan ta kife shi da hannunta, da safe ta tarar da shi a tsaye, da garin gero a ciki. Wannan ya isa. Gyara ki aiko, kada ki yi fushi ki daina. Jiran babinki ne ke rage mini tsawon yini.

Turmin marigayiya kakarki yana nan a kife inda ta bar shi. Da zai tashi ya yi daka, ni kam ba zan gudu ba, tabarma zan jawo in saurara.

Ki gaida mutan gidan. Ki sa ni a addu'a, ita ma ki roƙa mata rahama.

Kakanki,
Malam Idi